Zaman Mashaya da Mashaya: Magani ne ko Tonon Asiri?

Mashayin giya a garuruwanmu ya fi kowa iya lissafin lokaci. Ya san ƙarfe nawa maƙwabta ke tashi daga majalisar ƙofar gida, ya san lokacin da yara ke barci, ya san lungun da zai bi daga Sabon Gari ko daga kasuwar bariki ya iso gida bai haɗu da mai tsayar da shi gaisuwa ba. A aljihunsa akwai minti ko kanumfari, a mota akwai turare. Da asuba, in ya iya tashi, ƙarshen sahu yake tsayawa, ana sallamewa ya fice kafin a fara musabaha. Yana iya shekara goma a haka. Matarsa ta sani, ta yi shiru saboda 'ya'ya. Mahaifiyarsa ta ji ƙishin-ƙishin, ta kai sadaka a yi masa addu'a. Abokan aiki sun ga yadda hannunsa ke rawa da safe, sun ce gajiya ce. Kowa ya sani, amma ba a taɓa zama da shi an kira abin da sunansa ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da samar wa irin wannan bawan Allah wata mafita. Mashaya ne ke haɗuwa su kaɗai, sau ɗaya ko fiye a mako, a ɗakin aro ko na haya, ba likita, ba malami, ba ɗan sanda. Kowa ya faɗi halin da yake ciki, sauran su saurara. Mafi shahara cikin ƙungiyoyin da ke wannan ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaita sunanta da AA, mai mabiya kimanin miliyan 2 a ƙasashe wajen 180. To, in ɗan'uwanka ne giya ta riƙe wa wuya, ka ji labarin irin wannan zama, za ka ce masa ya nema ya je, ko hana shi za ka yi? Na ji masu cewa ya je, na ji masu cewa kul, kuma a kowane ɓangare akwai mutanen kirki da ke nufin mashayin da alheri.

Asalin abin yana da daɗin ji. A watan Mayu na 1935 wani dillalin hannun jari daga New York, Bill Wilson, ya je garin Akron da ke jihar Ohio a Amurka kan wata harkar kasuwanci, harkar ta rushe. Wata biyar ke nan rabonsa da giya, bayan ta sha kwantar da shi a asibiti. Yana tsaye a harabar otal ɗin da ya sauka, aljihu ba nauyi, ga ɗakin shan giya a gefe ana ta shewa. Maimakon ya shiga, sai ya nufi akwatin tarho ya dinga buga waya yana neman a haɗa shi da wani mashayi, ko wane ne. Aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai ba shi, sai ga su sun kwashe wajen awa shida suna magana. Abin da ya buɗe kunnen likitan shi ne Wilson bai zo masa da nasiha ba. Ce masa ya yi shi ke da buƙata, don in bai sami mai irin ciwonsa ya yi magana da shi ba, ruwa zai koma. Ranar 10 ga Yuni 1935, wadda ake ɗauka ranar da Smith ya yi kurɓar ƙarshe, ita ƙungiyar ke lissafawa ranar kafuwarta. A 1939 suka fitar da littafin da ya ƙunshi matakai 12 da har yau ake bi.

Wanda ya shiga irin wannan zama yau, a Landan ne ko Nairobi ko Legas, kusan abu ɗaya zai tarar. Kujeru a zagaye ko a jere, butar shayi a gefe, awa ɗaya a tashi. Ba rajista, ba katin shaida, ba kuɗin shiga. Kwando ake zagayawa da shi, mai ɗan canji ya jefa don kuɗin ɗaki da sukari. Sunan yanka kawai ake faɗa, ban da na uba. Mai magana ya ce, "Sunana wane, ni mashayi ne," a amsa masa gaisuwa, ya kawo nasa: yadda ya sayar da babur ya shanye kuɗin, yadda jiya ya bi ta ƙofar gidan giya ƙafarsa na rawa amma ya wuce. Ba a katse shi, ba a yi masa gyara, ba mai cewa ai da ka yi kaza. Sabon zuwa in ya ga dama ya yi shiru har a tashi. Akwai zaman da kowa ke iya halarta, har iyali, akwai kuma wanda sai mai matsalar kaɗai. Sharaɗin zama ɗan ƙungiya ɗaya ne tak, wato son daina sha. In an tashi akan ba baƙo lambobin waya, daga baya ya zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama jagoransa, wanda zai kira ko ƙarfe biyun dare ne in sha'awar ta taso. Ba a sa shi rantsuwar bari har abada. Na yau kawai ake nema, gobe in Allah ya kai mu a sake ɗaura niyya.

Shekaru da dama likitoci na kallon abin da shakku. Suka ce ai labarin waɗanda suka tsira kawai ake ji, waɗanda suka zo sau biyu suka gudu ba mai ƙirga su. Zargin yana da tushe. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Lance Dodes, ya wallafa littafi a 2014 yana cewa waɗanda hanyar ke fisshe su ba su wuce 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Amma a 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Suka gano cewa inda ma'aikatan lafiya suka bi tsari suka haɗa majiyyaci da zaman AA, kimanin 42 cikin 100 sun kai shekara ba su kurɓa ba, alhali a sauran hanyoyin jinya na ƙwararru 35 ne. A wasu ma'aunan, kamar rage yawan abin da ake sha, kunnen doki aka yi. Kada a manta mafi yawan binciken a Amurka aka yi shi, kuma in 42 sun tsaya to 58 sun sake sha. Duk da haka, ga ƙasa irin Nijeriya da likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne a kan mutum sama da miliyan 200, abin da ba ya cin ko sisi kuma yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da jinyar ƙwararru ba abin yarwa ba ne.

Kelly da abokan aikinsa sun kuma bi diddigin abin da ke sa zaman ya yi tasiri, kuma babbar amsar da suka samu ba za ta ba Bahaushe mamaki ba: sauyin abokan zama. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya bar giya ya bar teburin da aka san shi, ya bar masu yi masa kirari in ya shigo, masu ba shi bashi, masu sauraren ƙorafinsa a kan oga da kan iyali. Daga magariba zuwa sha ɗayan dare a can rayuwarsa take. Ka ce masa ya bari, ya bari. To ina zai je bayan isha'i? A majalisar unguwa kallon-kallo ake masa, a gida kuwa akwai fushin shekaru da bai huce ba. Kwana uku yana kwance yana kallon rufin ɗaki, rana ta huɗu ƙafa ta kai shi inda ta saba. A nan wa'azi ke gazawa komai kyansa, don mai wa'azi ya gama ya tafi gidansa, ya bar mutum da darensa. Ko a hadisin nan na wanda ya kashe rai ɗari, malamin da ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take bai tsaya nan ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki.

Akwai kuma abin da mashayi ke iya yi wa ɗan'uwansa wanda kai da ni ba za mu iya ba. Ba ya ruɗuwa. "Ɗaya kawai zan sha." "Bikin aboki ne, ba daɗi in ƙi." "Ai wannan 'yar ledar ba giya ba ce, maganin basir ce." Uwa za ta yarda, mata za ta so ta yarda, amma wanda ya yi shekara ashirin yana faɗin waɗannan kalmomi da bakinsa murmushi kawai zai yi. Kuma in ya ce maka ana iya bari, ga shi zaune gabanka da idonsa fari tas, shaida ke nan.

Yanzu ga masu cewa kul, kuma hujjarsu ta farko ita ta fi nauyi a wurina. Mu mutane ne da aka raina a kan rufin asiri. Addu'ar da uwa ke bin ɗanta da ita ke nan, kuma in ta gano halin da yake ciki abin da za ta fara cewa shi ne, "Ɗan nan, ka rufa mana asiri." A addini ma, hadisi ingantacce da ke cikin Buhari da Muslim ya yi kashedi ga wanda Allah ya suturta shi da dare, gari ya waye shi da bakinsa ya yaye suturar. Malami zai ce tuba tsakaninka da Ubangijinka ne, mu ba mu da wani mutum da ake zuwa a zayyana wa zunubi. Me ya kai ka tara mutum goma sha biyar ka karanta musu abin da ka aikata?

Sannan ɓoye sunan da ake taƙama da shi al'adar ƙungiya ce kawai, ba wanda za a kai kotu don ya fitar da zance. A birnin da maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, sunan yanka ya isa sutura. A Funtuwa ko Azare ko Maraɗi fa? Ka shiga ɗaki ka tarar da ƙanin matarka, ko ɗan hayar gidanka, ko mai gadin ofishinku. Ko ba ka buɗe baki ba, an gane babur ɗinka da ke ƙofa. Kuma abin da zai biyo baya ba kai kaɗai zai shafa ba, don ranar da aka zo binciken auren 'yarka maganar za ta taso. Ƙari a kan haka, tun daga 1999 da Zamfara ta buɗe ƙofa, jihohi 12 na Arewacin Nijeriya sun shigar da shari'ar Musulunci cikin dokokinsu na laifi, kuma haddin shan giya a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. Masana fiƙihu za su ce haddi ba ya tabbata sai a gaban alƙali da sharuɗɗansa. Gaskiya ne, amma je ka gaya wa wanda ya taɓa ganin an tsayar da wani a bainar jama'a. Wanda bai ɗauki wannan tsoro da muhimmanci ba bai san inda muke zaune ba.

Sai dai ina ganin an haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba. Wanda hadisin ke tsawatar wa shi ne mai bayyana saɓo don alfahari ko rashin kunya, irin mai zuwa majalisa yana ba da labarin yadda ya yi tatul jiya ana dariya. Wanda ya faɗi aibinsa don neman mafita hukuncinsa daban ne. Sahabbai sun sha zuwa wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, su faɗi abin da suka afka ciki don a nuna musu hanya, kamar mutumin da ya kusanci iyalinsa da rana a cikin azumi. Ba wanda ke cewa majiyyaci ya tona asirinsa don ya kwance wa likita riga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kuma wane asiri ake rufewa? Hukumar Hisba ta Kano ta sha fasa kwalaben giya a gaban 'yan jarida, a 2022 kaɗai kusan miliyan 4 a tashi ɗaya. Wanda ya ce duk baƙi ne ke shanye irin wannan kaya yana yaudarar kansa. Masu sha suna cikinmu, a ofisoshinmu da kasuwanninmu da gidajenmu. Shirun da muke yi bai taɓa raba ko ɗaya daga cikinsu da kwalba ba, lokaci kawai yake ƙara mata. In abu ya ci tura, iyali su rasa ta yi, sai a nemi inda za a kai mutum a kulle. Mun ga ƙarshen wannan a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon duka, sannan a watan da ya biyo aka sake gano irinsa a Daura. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye, don ba su san wata ƙofar ba. In aka ɗora ɗakin da mutum ke shiga da ƙafarsa ya fita da ƙafarsa a kan sikeli ɗaya da wannan, ban ga abin jayayya ba.

Abin da na yarda da shi daga masu adawa shi ne, yadda ake yin zaman a Amurka ba zai ɗauku a ƙaramin garinmu ba. Ba za a kafa allo a ƙofa ba, ba za a bar zaman a buɗe ga duk mai wucewa ba. Ya zama 'yan kaɗan, a san wanda ya kawo wa, kuma wurin ya zama inda shigarsa ba ta jawo tambaya, kamar harabar asibiti. Wani ma gara ya hau mota ya je na garin gaba.

Hujja ta biyu ta addini ce ta wata fuskar. AA ta tsiro ne daga wata ƙungiyar farfaɗo da Kiristanci da ake kira Oxford Group. Har yau zama da yawa a ɗakunan coci ake yin su, kuma a Amurka wasu kan rufe da addu'ar Kirista. Matakan 12 suna ambaton Allah, amma sun bar wa kowa ya fahimce shi yadda ya ga dama, abin da Musulmi mai kishin tauhidi zai ji ya tsaya masa a wuya. Can kuma marasa addini kuka suke cewa addinin ya yi yawa, har a 1996 wasu kotunan Amurka suka yanke cewa ba a tilasta wa fursuna halartar zaman. Wannan hujja ba ta dame ni sosai ba, don an riga an warware ta a aikace. A 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimore suka kafa Millati Islami, suka sake tsara matakan a kan Alƙur'ani da Sunna. A Iran, inda giya take haramtacciya a doka tun 1979, ƙungiyar Narcotics Anonymous, ƙanwar AA da ta shafi miyagun ƙwayoyi, ta kafu a shekarun 1990 ta bunƙasa har ta zama cikin mafi girma a wajen Amurka, kuma a 2015 ma'aikatar lafiyar ƙasar ta sanar da shirin buɗe cibiyoyi 150 na jinyar mashaya. Wanda ba ya son a sa addini ko kaɗan, akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994. In ka duba cikin matakan ma, me ke ciki? Amincewa cewa abin ya fi ƙarfinka, komawa ga Allah, yi wa kai hisabi, neman waɗanda ka zalunta ka mayar musu da haƙƙinsu. Ɗalibin da ya karanta sharuɗɗan tuba a zaure ba zai ji baƙon abu ba. 'Yan'uwanmu Kiristoci masu jin Hausa a Kudancin Kaduna da Filato da kudancin Bauchi kuwa, ɗakin coci ba ya hana su shiga. Tasu wahalar daban ce: burkutu a fili ake sayar da shi, yana wurin biki, yana wurin gayya, mai son bari ba shi da inda zai kauce masa.

Wuri ɗaya ne nake tare da malamai ɗari bisa ɗari. Mutum ya shekara ashirin bai sha ba, ya gyara tsakaninsa da iyalinsa, amma duk mako ya tashi ya ce shi mashayi ne. 'Yan AA na cewa tunatarwa ce, don wanda ya manta daga inda ya fito kurɓa ɗaya ta isa ta mayar da shi, kuma likitoci sun tabbatar da cewa haɗarin komawa ba ya gushewa gaba ɗaya. Na ji. Amma a wurinmu wanda ya tuba ana ɗaukarsa kamar bai yi ba, kuma suna yana bin mutum har jikoki. Ba dole sai da wannan lafazi ba. Ya ce shi wane ne, Allah ya raba shi da giya shekara kaza, yana roƙon ya tabbatar da shi. Tunatarwar ta samu, mutuncin bai zube ba.

Hujja ta uku ita ce wadda za ta iya zama ta rai da mutuwa, kuma ma'aikatan lafiya ne ke kawo ta. Suna cewa makaho ne zai ja makaho. Mutumin da jikinsa ya saba da giya kullum, in ya yanke ta dare ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara rawar jiki da gumi da amai da rashin barci. Cikin kwana biyu yana iya faɗuwa yana farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani, zazzaɓi ya rufe su, su dinga ganin ƙwari na bin bango ko mutanen da ba kowa ke gani ba. A gidajenmu da an ga haka sai a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, a rufe ɗaki. Wannan yanayi yana kisa, alhali a asibiti ana shawo kansa da magungunan kwantar da jijiya da ƙarin ruwa da sinadarin bitamin B1. Zaman mashaya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haka nan akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da ke rage sha'awar giya, sai likita ke rubuta su. Da yawa kuma ba giya ce kaɗai matsalarsu ba, akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi, ko hanta ta taɓu, ko ana haɗawa da tramol da kodin. An sha samun ɗan ƙungiya mai zafin kai da zai ce wa sabon zuwa ya watsar da ƙwayoyin asibiti wai duk maye ne. Ita kanta AA ta rubuta gargaɗi cewa kada ɗanta ya mai da kansa likita, amma ba mai tsaye a kowane ɗaki yana tabbatar da an bi.

Rashin shugaba mai iko, wanda shi ne daɗin zaman, shi ne kuma rauninsa. Ba a tantance mai shigowa. A ƙasashen da abin ya daɗe an sha kokawa da tsofaffin 'yan ƙungiya da ke farautar mata sababbin zuwa, suna cikin rauni. Mace mai shan giya a ƙasar Hausa kuwa nata ɓoyon ya ninka na namiji sau goma, don shi ana cewa Allah ya shirye shi, ita kuwa saki ne da gori har kan 'ya'yanta. In za a yi, na mata daban, mace ke jagoranta, ba tattaunawa a kan wannan.

Ban ɗauki wannan hujja ta uku a matsayin dalilin hana zuwa ba. Abin da ta nuna shi ne wanda ya kamata ya riga wani. Likita tukuna, sannan zama. Asibiti na iya fitar da giya daga jinin mutum cikin mako ɗaya ko biyu, amma ranar da aka sallame shi unguwarsu zai koma, da abokansa, da darensa. Mako biyu na likita ne, sauran shekarun kuwa ba likitan da zai zauna da shi. Saboda haka in ɗan'uwana ne, zan ce masa ya je, kuma ni zan kai shi ƙofa in jira a waje.

Saura nema, wanda shi ne mafi wuya, don abin da aka gina a kan ɓoye suna ba ya talla. A Legas da Abuja akan sami zaman AA. A sauran wurare ƙofar da ta fi kusa ita ce sashen masu shaye-shaye na asibitocin ƙwaƙwalwa: na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Jos, ko babban asibitin Yamai ga mutanen Nijar. Na san sunan waɗannan wurare kaɗai yana sa mutum ja da baya, wai kada a ce ya haukace. A daure. A tambayi nas ko jami'in walwala ko akwai zaman da waɗanda aka sallama ke dawowa su yi, don su ne suka san wanda ke haɗuwa da wa. Tun annobar korona a 2020 kuma zama ta intanet ya yawaita, dare da rana, mutum na iya shiga da wayarsa ya rufe kyamara ya saurara kawai. Wannan ya rage matsalar ido, sai dai galibi da Turanci ko Faransanci ko Larabci ake yi, ga kuɗin data, kuma ba ya maye gurbin wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa in an kwana biyu ba a gan ka ba.

In an duba ba a samu ba, ƙa'idar AA ta ce mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su bar sha sun isa ƙungiya, ba sai sun nemi izinin kowa ba. Mutum biyu da aka sallama daga ɗaki ɗaya, da nas ɗin da ta yarda ta ba su aron ofis bayan an tashi aiki, da rana ɗaya tsayayya a mako da ba a ɗagawa ko ruwa ake ko iska, sun isa a fara. A ajiye lambar likita kusa. A yi alƙawari tun ranar farko cewa abin da aka ji a ɗakin a ɗakin zai kwana, kuma ba bashi tsakanin 'yan zama, don kuɗi na saurin watsa irin wannan haɗuwa. Sabon zuwa kada ya yanke hukunci da zama ɗaya, na farko kusan kowa kunya da haushi ke cika shi, sai ya je sau da dama kafin kunnensa ya buɗe. Wanda kuma ya zame ya sha ranar Laraba, ana sa ran ganinsa a zaman Alhamis, ya faɗa da bakinsa, a fara ƙirga masa kwanaki daga ɗaya.